Yadda Ake Dasa Ɗanyun Tsirrai a Ƙaramin Akwatin Kifi a Zafin Jidda

Akwatin kifina na farko mai cin lita 54 ne, tsawonsa santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, kuma ganyen roba ne a cikinsa har kusan shekara guda. Ranar da yayata ta zo daga Makka ta tsaya a gabansa, sai ta ce, "Ƙanena, kifin nan naka ai a fili suke kwana, ba su da inuwa." Na ce, "Yaya, ga ganye nan kina gani." Ta ce ganyen da ba ya girma ba ganye ba ne. Daga nan na fara neman ɗanyun tsirrai, kuma abin da zan shimfiɗa a nan shi ne hanyar da na ga ta yi aiki a ɗakin haya, da ruwan famfon Jidda, ba tare da tulun iskar kabon, wadda tsiro ke shaƙa don ya girma, ko fitila mai tsada ba.

Amfanin ɗanyen tsiro ya wuce ado. Kashin kifi da ragowar abinci suna ruɓewa su zama amoniya, ƙwayoyin halittar da ke zaune a cikin filta su mayar da ita naitiret, shi kuma tsiro ya sha duka biyun a matsayin taki. Da rana yana fitar da iskar oksijin. Kifi mai tsoro yana samun wurin fakewa, 'ya'yan ƙaramin kifin nan da ake kira gofi kuma su tsira daga bakin iyayensu. Amma tsiro ba ya maye gurbin filta, ba ya kuma ɗauke maka canjin ruwa. Wanda ya gaya maka haka ciniki yake nema.

Fara da ruwanka, kafin ka je kasuwa

Yawancin masu yin asara a nan suna ɗora laifin a kan fitila ko taki, alhali ruwa da zafi ne suka kashe musu tsiro. Ruwan famfon Jidda ruwan teku ne da aka cire wa gishiri, mafi yawansa daga tashar Shu'aiba da ke kudu da gari, kuma kafin ya iso bokitinka ya kwana a tankin ƙasa, ya hau tankin saman bene, wani lokacin ma motar wayit, wato tankar ruwa, ce ta kawo shi. Saboda haka ruwan gidanka da na maƙwabcinka ba lallai su zama ɗaya ba. Sayi takardar gwajin ruwa a shagon kifi, irin wadda ake tsomawa ta canza launi. Abin da kake so shi ne pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 6.5 da 7.5, ko ya ɗan haura kaɗan, da taurin ruwa, wato GH, daga 4 zuwa 8. Tsirran da zan ambata duk suna rayuwa a wannan tsakani.

Akwai masu cika akwati da ruwan tahliya, wanda ake sayarwa a jarka don sha, da tunanin mafi tsabta shi ne mafi kyau. Idan an tace ruwa har ya rasa kalsiyam da maganiziyam, tsiro yana fitar da ganye a murɗe, kuma pH yana hawa da sauka ba tsayayye. In gwaji ya nuna ruwan jarkar ba shi da tauri ko kaɗan, gauraya shi da na famfo, ko ka ƙara garin ma'adinan da ake sayarwa don wannan aiki. Ruwan famfo kuwa, kullum a ɗiga masa maganin kashe kilorin kafin ya shiga wurin kifi.

Sai zafi. Daga watan Yuni zuwa Satumba ruwan da ke saukowa daga tankin saman bene da azahar yakan yi zafin da ko alwala sai an jira ya huce. Kada ka taɓa zuba shi kai tsaye. Tara shi a bokiti da dare ko bayan asuba, ka ajiye a ɗakin da akwatin yake har zafinsu ya daidaita. Tsirran akwati sun fi jin daɗi tsakanin digiri 24 da 28. Idan ruwa ya daɗe a sama da 30, ganye yakan yi laushi ya narke, kuma ruwan ɗumi ba ya riƙe oksijin da yawa, ga shi da dare tsiro ma shaƙar oksijin yake yi kamar kifi. Manna ma'aunin zafi a gilashi ka duba shi na kwana uku, musamman da la'asar lokacin da an kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, an fita aiki. Adadin da ka gani a wannan lokacin shi zai gaya maka irin tsiron da za ka iya riƙewa. Ɗaga murfi a sa ƙaramar fanka tana busa saman ruwa yana rage digiri 2 ko 3, sai dai a damshin Jidda fankar ta fi tasiri a ɗakin da mukayyif yake busar da iska. Kuma kada akwati ya zauna kusa da taga. Ranar garin nan tana dafa lita 20 cikin 'yan awoyi, ta kuma mayar da ruwan kore shar.

Abin da za ka saya

Na fi so mai farawa ya fara da anubiyas, wanda ake rubuta sunansa Anubias barteri. Ɗan gida ne ma: asalinsa rafukan daji na kudu maso gabashin Nijeriya da Kamaru, inda yake maƙale a jikin duwatsu ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa. Shi ya sa ba ya son haske mai ƙarfi, ganyensa kuma kauri gare shi kamar fata, kifi ba sa iya cinsa. Ƙaramin nau'insa da ake kira nana shi ya dace da akwatin lita 20 zuwa 60. Girmansa a hankali ne ƙwarai, ganye ɗaya a cikin makonni, amma yana jure ɗumin ruwa.

Na biyu Jaba fan, mai dogon ganye kamar mashi, ɗan kudu maso gabashin Asiya. Halinsa ɗaya da anubiyas. In ka ga ɗige-ɗige baƙaƙe a jere a bayan ganyensa, ba cuta ba ce, irinsa ne, kuma daga bakin tsohon ganye ƙananan 'ya'ya suke tsirowa. Na uku kiriptokorin, musamman Cryptocoryne wendtii na ƙasar Siri Lanka, wanda ake binnewa a tsakuwa kuma yakan zo kore ko ruwan ƙasa. Don bayan akwati akwai balisneriya, mai ganye siriri kamar ciyawar fadama, wadda take son ruwa mai ɗan tauri, take kuma yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa har ta yi katanga.

Waɗannan huɗun suna da lalaci wajen shan taki a makonnin farko, don haka a haɗa musu da mai saurin girma guda ɗaya. Honwat, wato Ceratophyllum demersum, ba shi da saiwa sam, jefa shi kawai ake yi ya yi ta yawo. Akwai kuma wadda duk wanda ya tashi kusa da kududdufi a ƙasar Hausa ya sani, kainuwa dashen Allah. Na yi mamaki ranar da na gan ta a shago ana sayar da ita ɗaya-ɗaya. Tana shan naitiret da sauri fiye da duk abin da ke ƙarƙashin ruwa, domin ganyenta a waje yake yana samun iskar kabon kyauta, kuma kifin beta yana son kwanciya a cikin saiwarta. Sharaɗinta biyu: kada raɓar murfi ta riƙa ɗiga a kan ganyenta, kuma kada a bar ta ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na saman ruwa.

Gansakukar Jaba, wadda tsiro ce da ake dasawa, ba gansakukar da ke ɓata akwati ba, tana da kyau, amma idan ruwanka yana wuce digiri 28 kullum, za ta koma ruwan ƙasa. Amazon sod kuwa yakan yi girman da zai cika ƙaramin akwati shi kaɗai. Jajayen tsirrai da masu shimfiɗuwa kamar darduma a bar su tukuna, suna bukatar haske mai ƙarfi da iskar kabon.

Wani gargaɗi daga abin da ya same ni. Na taɓa sayen wani tsiro mai ganye fari da kore daga wani shago, yana nitse a ruwa gwanin sha'awa. Bayan wata guda ya ruɓe ya ɓata mini ruwa har na rasa kifi biyu. Ashe shukar tukunya ce ta ɗaki, ba ta ruwa ba. Alamar irinsu ita ce kara mai tauri da ke tsayawa cak idan an fito da shi daga ruwa, da ganye mai ratsin fari. Gorar sa'a da ake sayarwa a kwalba ma haka take, saiwarta ce kawai ke son ruwa. Tambayi mai shago sunan tsiron, ka duba hotonsa a waya kafin ka biya. Wanda ba shi da suna ka bar shi.

Batun kifi a taƙaice: gofi, beta, da ƙananan tetira ba su da matsala da tsiro. Kifin zinare yana tone saiwa yana cin ganye mai laushi, kuma ƙaramin akwati ma bai dace da shi ba tun asali.

Wanki da killacewa

Da ka dawo gida, kada ka zuba ruwan ledar shago a akwatinka. Fitar da tsiron a faranti. Idan a ƙaramin kwandon roba ya zo, yanka kwandon da almakashi, sannan ka cire audugar nan mai ruwan ɗorawa da ke naɗe da saiwa, a hankali, da tsinken sakace ko hantsaki, a cikin kwanon ruwa. Aiki ne mai cin lokaci, amma audugar tana riƙe da takin gona mai ƙarfi wanda zai ciyar da gansakuka. Idan dami ne da aka ɗaure da dalma da soso, kwance su ka yar. Yanke duk ganyen da ya yi rawaya ko ya huje, da duk saiwar da ta yi baƙi tana wari, ka rage tsawon lafiyayyar saiwa zuwa kamar santimita 3.

Duba bayan ganye da kyau. Wani abu mai santsi kamar majina da ɗige-ɗige a ciki ƙwan dodon koɗi ne. Kankare shi da farce. Ni abin da nake yi bayan haka shi ne jiƙa tsiron a ruwan alif, wanda masu shagon attar, wato na kayan ƙamshi da magungunan gargajiya, a nan suke kira shabba: babban cokali ɗaya na garinsa a lita 4 na ruwa, na bar shi kwana biyu, sannan na ɗauraye sosai. Anubiyas da Jaba fan suna jurewa lafiya. Honwat da balisneriya masu laushi ne, su ɗauraya da dubawa nake yi musu kawai. Wanda yake da haƙuri, abin da ya fi duka shi ne ya ajiye sabon tsiro a bokiti mai haske na mako biyu yana canza ruwa, musamman mai kiwon jatan lande, domin ragowar maganin ƙwari a jikin ganye yana kashe su a dare ɗaya.

Akwai tsirran da ake rainonsu a ɗakin gwaji, suna zuwa a rufaffen kofi a kan wani abu mai kama da jeli. Sun fi tsada kuma ƙanana ne, amma babu dodon koɗi babu gansakuka. Wanke jelin kawai za ka yi, ka rarraba su.

Ƙasa da dashe

Ba sai ka sayi baƙar ƙasar nan mai tsada ba. Tsakuwa ƙanana masu kaurin milimita 2 zuwa 3 sun isa, a zuba su zurfin santimita 4 a gaba, 6 a baya. Yashi mai laushi sosai yana danƙarewa ya hana saiwa numfashi. Yashin bakin teku na Kornish ko Abhur, da farin murjani, da bawon katantanwa, duk a nisance su: gishiri gare su kuma suna ɗaga pH. Duk dutsen da kake shakka, ɗiga masa ruwan khal, wato binega. In ya yi kumfa, dutsen farar ƙasa ne, kada ya shiga.

Idan akwatin yana da kifi a ciki, ba sai ka kwashe su ba. Kashe filta da duk abin da ke jone da wuta, ka rage ruwa zuwa rabi, ka wanke hannunka har gwiwa da ruwa zalla. Wannan na ƙarshen ina nanata shi, domin mu mutane ne masu turare da man shafawa, kuma ɗan abin da ya rage a fata yana isa ya cutar da kifi a lita 30.

Anubiyas da Jaba fan ba a binne su. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kashe su. Dubi gindinsu za ka ga wata koriyar sanda a kwance kamar ɗanyar citta, ganye na fita ta sama, saiwa ta ƙasa. Sandar nan in ta shiga ƙasa ruɓewa take yi. Ɗora ta a kan dutse ko kututture ka ɗaure da zaren ɗinki baƙi, ba da ƙarfin da zai yanke ta ba. Ko ka goge wurin ya ɗan bushe, ka ɗiga sufa gulu mai kauri ɗigo biyu, ka danna saiwar a kai na rabin minti. Gam ɗin ba ya cutar da kifi idan ya daskare, sai dai yana yin fari a ruwa, don haka kaɗan ya isa. Bayan wata ɗaya ko biyu saiwar za ta kama dutsen da kanta. Amfanin wannan dabara ga mai zaman haya shi ne duk ranar da za a tashi, ɗaga dutsen kawai za ka yi da tsironsa.

Kiriptokorin da balisneriya su ake binnewa. Kama saiwar da hantsaki, tura ta cikin tsakuwa a karkace, sannan ka ɗan jawo tsiron sama har wuyansa, inda ganye ya haɗu da saiwa, ya fito daidai saman ƙasa. Bar tazarar yatsu uku tsakanin kowanne. Tunda ta saiwa suke ci, tura ƙwayar taki ta musamman ɗaya a ƙasan tsakuwa kusa da su, ka sabunta bayan wata uku. Takin gona irin su yuriya kada ya kusanci akwati, amoniya zai zama ya kashe kifi.

Dogaye a baya, gajeru a gaba, a bar fili a tsakiya don iyo. Sa anubiyas a inda inuwar kainuwa ko kututture take sauka. Wajen mayar da ruwa, ɗora faranti a ƙasa ka zuba a kansa don kada ya tone dashen. Wanda ya taso sama washegari a sake binne shi, a tokare da ƙaramin dutse.

Haske

Fitilar LED fara, wadda aka rubuta 6500K a kwalinta, ta wadatar. Awa 6 a rana a watan farko, daga baya a kai 8, kada a wuce. Sayi taima ta soket, mai kunna fitila da kashe ta da kanta, kuɗinta kaɗan ne, kuma ita ce kayan aikin da ya fi kowanne amfani a wannan harka. Rayuwar nan ta dare ce, musamman da azumi, sai ka ga fitila tana ci daga la'asar har sahur. Tsiro ba ya iya amfani da wannan hasken duka, gansakuka ce take cin ribar. Saita taimar ta kunna a lokacin da kake gida, misali ƙarfe 4 na yamma zuwa 10 na dare. Tsiro bai damu da wace awa ba ce, daidaito yake so.

Makonni shida na farko

A nan ake gane mai haƙuri. Yawancin tsirran shago a gona aka raine su ganyensu a waje, saiwa kawai a ruwa. Idan suka nitse, tsohon ganye ba ya iya aiki, sai ya narke, sabo mai dacewa da ruwa ya fito. Kiriptokorin ya fi kowa wannan hali: cikin mako guda sai ka ga duk ganyen ya zama kamar dafaffiyar kuka. Kada ka tumɓuke shi. Tsotse ruɓaɓɓen da tiyo, ka bar saiwar a inda take, bayan mako biyu zuwa huɗu za ka ga ƙananan ganye suna leƙowa. Kuma kada ka riƙa canza masa wuri, kowane tashi sabon narkewa ne. Honwat ma yakan zubar da ganyensa masu kama da allura idan ya ji baƙon ruwa.

Wata ƙura ruwan ƙasa za ta rufe gilashi da ganye a sabon akwati. Tana gogewa da yatsa kuma takan tafi da kanta. Dodon koɗin da ake kira nerait yana cinye ta, ƙwansa kuma ba ya ƙyanƙyashewa a ruwan daɗi, don haka ba zai cika maka akwati ba. Gansakuka kore mai zare-zare alama ce haske ya yi yawa, a rage awa ɗaya ko biyu. Baƙar mai kama da gemu a gefen ganyen anubiyas, a yanke ganyen gaba ɗaya a mayar da tsiron inuwa.

Canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako. Mukayyif yana shanye ruwa, kuma abin da ya tashi ruwa ne zalla, ma'adinan suna nan a ciki suna taruwa. Wajen cike wannan giɓin ne ruwan tahliya yake da amfani. Takin ruwa a fara shi bayan mako biyu ko uku, rabin abin da aka rubuta a kwalba, sau ɗaya a mako. Idan sabon ganye yana fitowa fari-fari, ƙarfe ne ya yi ƙaranci. Idan tsofaffi ne suke rawaya, abincin gaba ɗaya ne bai isa ba. Ƙananan huji a tsohon ganye kuwa yawanci rashin fotasiyam ne. Akwai wani ruwa da ake sayarwa da sunan kabon na kwalba, balisneriya ba ta shiri da shi, narkar da ita yake yi. Haka gishirin da wasu masu shago suke cewa a riƙa zubawa don lafiyar kifi: tsiron ruwan daɗi ba ya son sa. In kifi ya yi ciwo, a fitar da shi a yi masa magani a wani mazubi.

Idan tafiya ta kama

Da yawanmu mukan tafi gida hutu na wata guda, ko aikin Hajji ya ɗauke mu kwanaki ba mu leƙo ɗaki ba. Anubiyas, Jaba fan da kiriptokorin suna iya yin wata ba taki ba tare da wata illa ba. Abin tsoro shi ne rufaffen ɗaki ba mukayyif a watan Yuli ko Agusta. Kafin ka tafi, canza ruwa kwana biyu kafin tafiyar, rage kainuwa da honwat sosai don kada su toshe saman ruwa, mayar da taima awa 5, ka matsar da akwatin ɗakin da ya fi sanyi tun da wuri in zai yiwu. Wanda za ka bar wa amana, ƙulla masa abincin kifi na kowace rana a takarda daban-daban, domin yawan abinci ya fi yunwa kashe kifi, ka nuna masa layin da ruwa zai tsaya da jarkar da zai cike da ita. In babu mai sa mukayyif ko na 'yan awoyin rana, gara ka kwashe kifin da duwatsun da tsirrai ke manne a kai, ka kai gidan ɗan'uwa a bokiti har ka dawo.

Bayan wata uku ko huɗu za ka fara samun rara. Sandar anubiyas idan ta yi tsawo ana yanka ta da reza mai tsabta, kowane yanki da ganye aƙalla uku, a ɗaura a sabon dutse. 'Ya'yan balisneriya ana yanke igiyar da ta haɗa su da uwar idan sun yi ganye huɗu. Kainuwa da honwat kuwa kowane mako sai ka kwashe cikin hannu. Abin da ba a samu mai karɓa ba a shanya shi ya bushe a sa a shara, kada a zuba a magudanar ruwa ko wani tafki, domin kainuwa in ta samu wuri rufe shi take yi gaba ɗaya.